Yadda Revit da ArchiCAD ke riƙe gyaran ginin da ake yi zango-zango

Mai zana sabon gini a fili fetal tambaya ɗaya ce a gabansa: me za a gina? Mai zana gyaran tsohon gini kuwa, duk bangon da ya taɓa sai ya amsa tambayoyi uku a kansa. Tun da yana nan, ko yanzu za a yi shi? Zai tsaya, ko za a rushe shi? In za a rushe, yaushe?

Da a ce kullum kwashe mutane ake yi a rufe ƙofa a yi aiki a gama, da abin ya zo da sauƙi. Amma asibiti ba ya daina karɓar marasa lafiya don za a canja rufi. Makaranta hutunta 'yan makonni ne. Ginin gwamnati kuma kuɗinsa kasafi bayan kasafi yake fitowa, bana a yi ɓangare guda, baɗi in an saki kuɗi a yi ɗayan. Dole sai a raba aikin zango-zango, ginin ya riƙa sauya kama tsakanin ranar farawa da ranar gamawa. Kowace kama tana buƙatar nata zanen, nata lissafin bulo da siminti, da tata hanyar fita idan gobara ta tashi, domin ƙofar da jama'a ke bi yau wataƙila gobe tana bayan shingen 'yan kwangila.

A zamanin da AutoCAD ke cin kasuwarta, manhajar zane da ta fito tun 1982, layuka ake zanawa, kuma layi bai san shi bango ba ne. Mai zane sai ya yi fayil na ginin yadda aka same shi, ya kwafa ya yi na rushe-rushe, ya sake kwafa ya yi na sabon tsari. Aiki mai zango uku sai ka ga fayil bakwai ko fiye. Ranar da aka koma wurin aiki aka auna aka ga wani bango ya fi yadda aka zana kauri, sai an bi fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya an gyara, kuma da wuya a ce ba a manta da ko guda ba. Wanda aka manta ɗin shi ke faɗawa hannun birkila.

Manhajojin da ake kira BIM sun zo da wata dabara: samfurin gini guda ɗaya ake ginawa a cikin kwamfuta, bango ya san shi bango ne, ya san kaurinsa da tsayinsa da abin da aka yi shi da shi, duk zanen da za a buga kuma daga jikin samfurin nan ake yanko shi. Biyu daga cikinsu suka fi shahara a wajen masu zanen gini. ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft ce, wanda aka kafa a Budapest ta ƙasar Hangari a 1982. Revit kuma an fara ta a jihar Massachusetts ta Amurka a 1997, ta fito kasuwa a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002 kan dala miliyan 133. Kowacce da yadda take ɗaukar lokaci, kuma Revit ce ta fi shiga batun da zurfi, don haka da ita za mu fi daɗewa.

Gurbi biyu a jikin kowane abu

Duk abin da aka gina a cikin samfurin Revit, bango ne, ƙofa ce, taga, ginshiƙi, silin ko bututun ruwa, yana da gurbi biyu a cikin bayanansa: zangon da aka gina shi, da zangon da aka rushe shi. Na biyun yakan zauna babu komai idan abin zai tsaya har ƙarshe. Iyakar abin da manhajar ta ajiye game da lokaci ke nan. Babu inda aka rubuta wa bango "tsoho" ko "sabo" a jikinsa.

Tsufa da sabunta daga shafin da kake kallo suke fitowa. Kowane shafi, na shimfiɗar ɗakuna ne, na fuskar gini ne, ko jadawalin ƙofofi, an ɗaure shi da zango guda, kamar a ce ka tsaya a wannan lokacin kana duban ginin. Sai manhajar ta gwada gurbin nan biyu da zangon da ka tsaya, ta yanke wa kowane abu hukunci ɗaya cikin huɗu. Abin da aka gina a baya kuma har yanzu yana tsaye, tsoho ne. Abin da aka gina a wannan zangon, sabo ne. Abin da aka gina a baya aka rushe a wannan zangon, rusasshe ne. Abin da aka gina kuma aka cire duk a cikin wannan zangon, na wucin gadi ne. Wanda aka riga aka rushe a zangon da ya wuce ba ya fitowa sam, haka ma wanda lokacin gina shi bai zo ba.

Bayan wannan sai rariya. Kowane shafi yana da tsarin da ke tace huɗun nan: wanne za a nuna yadda yake, wanne za a sauya wa launi ko layi, wanne za a ɓoye. Zanen rushe-rushe yana nuna tsoho da rusasshe, ya ɓoye sabo. Zanen birkila yana nuna tsoho a dusashe da sabo da layi mai kauri. Zanen da za a kai wa mai gini ya ga yadda wurin zai kasance in an gama yana nuna tsoho da sabo ba bambanci. Launin kuwa al'adar wuri ce. A Jamus, alal misali, an saba da ja ga sabo, rawaya ga abin rushewa, baƙi ko toka-toka ga abin da zai tsaya. A wurare da yawa kuma layi mai gutsure-gutsure ya wadatar a gane rusasshe.

Mu ɗauki misali mu bi shi. A ce asibiti ne mai ɓangare biyu, gabas da yamma, da doguwar baranda ta haɗa su, kuma ba za a rufe shi ba. Aka tsara zango huɗu: yadda aka samu ginin, sai na shiri, sai gyaran gabas, sai gyaran yamma. A yamma akwai wani tsohon bango tsakanin ƙananan ɗakunan kwanciya biyu da za a mayar babban ɗaki ɗaya. Gurbinsa na farko ya ce tun asali yake, na biyu ya ce zangon yamma. Ka buɗe shafin zangon gabas, ga shi nan tsaye lafiya lau, domin a lokacin marasa lafiyan da aka kwaso daga gabas suna kwance a jikinsa. Ka buɗe shafin rushe-rushen yamma, ya koma layi mai gutsure-gutsure. Ka buɗe shafin kammalawa, babu shi. Bango ɗaya ne, sau ɗaya aka zana shi. In aka auna aka ga kaurinsa inci tara ne ba shida ba, wuri ɗaya za a gyara, lissafin tarkacen da tifa za ta kwashe ma ya gyaru da kansa.

Ga wani wurin da ke rikita sababbin hannu. Ɗakin ba da magani yana gabas, don haka aka kafa masa ɗan ɗaki na falanki a baranda tun zangon shiri, za a cire bayan komai ya lafa a zangon yamma. Kowa a wurin aikin yana ce masa na wucin gadi, amma Revit ba ta ganinsa haka. A wajenta sabo ne a zangon shiri, tsoho ne a zangon gabas, rusasshe ne a zangon yamma. Shingen tare ƙura da aka kafa a bakin baranda aka cire duk a cikin zangon gabas, shi kaɗai ne na wucin gadi a lissafinta. Manhajar ba ta karanta niyya. Idan kana son jadawalin kuɗi ya ware ɗakin falankin nan daban, sai ka ƙirƙiro masa wata alama da kanka.

Ina ake yanka zango?

Nan ne ainihin aikin yake, kuma ba na kwamfuta ba ne. A ganina zango ya kamata ya ƙare ne a ranar da ginin ya tsaya a wani hali da za a iya miƙa shi ga masu shi su yi amfani da shi: an gama gabas, an kwashe shinge, an mayar da gadaje. Wannan ranar ita ce kwangila ta sani, ita ake biyan kuɗi a kanta, ita hukumar da ke ba da izinin gini za ta so ganin zanenta. Duk abin da bai kai haka ba, kamar zuba dakin kafin ɗora bulo, ko wayarin kafin filasta, jerin aikin ɗan kwangila ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya buɗe zango na musamman ya sa masa suna "rushewa", tunda ai sai an rushe ake ginawa. A ido abin ya yi daidai, amma yana karya dabarar gaba ɗaya. Da zarar ka rushe bango a zangonsa na daban, to a zangon gini ya riga ya ɓace, ba za ka iya fitar da shafi guda mai nuna abin da aka cire da abin da ya maye gurbinsa ba. Alhali shafin nan shi ne mai kula da aiki ya fi buƙata idan ya tsaya da birkila yana nuna masa inda tsohuwar ƙofa take da inda sabuwa za ta koma. Rushewa abu ne da ke faruwa a cikin zango, rariya ce ke ware shi. Ga aiki mai zango uku, wanda ya yi wannan kuskuren ya jawo wa kansa shida, da ninkin shafukan da zai kula da su.

Kuma tun ran gini tun ran zane. Revit tana barinka ka cusa sabon zango kafin wani ko bayan wani, amma ba ta barinka ka sauya jerinsu bayan ka kafa, ba ta kuma da maɓallin goge zango. Abin da za ka iya shi ne ka haɗe shi da na gabansa ko na bayansa. Haɗewar ma tana da nata sakamakon, domin abin da aka gina a na farko aka rushe a na biyu zai wayi gari ya zama na wucin gadi. Idan mai gini ya zo bayan wata uku ya ce a fara da yamma saboda rufin can ne ke yoyo, sauya suna kaɗai ba ya isa, sai an bi kaya an sauya musu gurbi. Shi ya sa zama da mai gini da ɗan kwangila a kan jerin zanguna ya kamata ya riga zana bango na farko.

Wani tarkon ƙarami ne amma kullum yana kama mutane: duk abin da ka zana yana ɗaukar zangon shafin da kake ciki. Ka manta kana shafin "yadda aka samu" ka zana sababbin ƙofofi goma sha biyu, to sun zama tsofaffi, ba za su shiga jadawalin saye ba, kuma ba abin da zai yi maka ƙara. Maganinsa a sa zango a farkon sunan kowane shafi, a kuma ajiye shafi guda na bincike mai launuka masu kashe ido, a riƙa leƙa shi kafin a tashi daga aiki.

Inda dabarar ke ɗingishi

Gurbi biyun nan na abu sukutum ne, gyara kuwa sau da yawa rabin abu yake taɓawa. Za a rushe mita biyu daga bango mai mita takwas? Sai ka yanka bangon gida biyu tukuna, ka rushe guntun. Za a kankare tsohuwar filasta a bar bulo? Idan filasta da bulo bango ɗaya ne a samfurin, tare za su tsaya ko su faɗi. Masu ƙwarewa sukan zana filasta ko tayil a matsayin siririn bango mai zaman kansa tun farko, a wuraren da suka san za a taɓa kaɗai, don yin haka a ko'ina ɓata lokaci ne.

Ƙofa da taga suna da nasu hali. Ka ɗauki gudumar rushewa ta cikin manhajar ka taɓa tsohuwar taga, Revit da kanta za ta cike ramin da sabon guntun bango irin na jikin wanda tagar take. Ka saka sabuwar ƙofa a tsohon bango, za ta nuna gurbin da za a fasa a matsayin rusasshe. Wannan taimako ne, sai dai cikon yakan ɗauko nau'in tsohon bango, alhali wataƙila tsohon na jan bulo ne ko na ƙasa, kai kuma da bulon siminti za ka toshe. Linta da za a zuba a kan sabuwar ƙofa kuwa ba ruwan manhaja da ita, kai za ka tuna.

Kayan da za a cire a mayar wani wuri, kamar ƙofar ƙarfe mai kyau da za a ɗauke daga gabas a kafa a yamma, babu yadda za a yi sai a rushe ta can a gina ta nan. Jadawali sai ya ƙirga ta a sabuwa, a sa kuɗinta a lissafi, in ba a yi mata alamar "a sake amfani" ba.

Ɗakuna su ne suka fi ba da haushi. A Revit ɗaki, wato sunansa da lambarsa da faɗinsa, na zango ɗaya ne tak, ba ya tsallakawa zuwa na gaba kamar yadda bango ke yi. Asibiti mai ɗaki sittin da zango huɗu yana nufin a dasa ɗakunan sau huɗu. Akwai hikima a ciki, tunda ɗakin da yake na magani a yau gobe ofis ne, amma mai kwafar lambobin ba ya ganin hikimar a lokacin.

Sai batun abokan aiki. Injiniyan ƙarfe da na lantarki da na ruwa kowa da fayil ɗinsa, ana jingina su da na mai zanen gini. Idan sunayen zangunan sun zo ɗaya, manhajar takan haɗa su da kanta. Idan injiniya ya tsaya a kan biyun da Revit ke zuwa da su, na ginin da ke nan da na sabon aiki, sai an zauna an nuna mata wane zango nasa ne ya yi daidai da wane naka. In ba haka ba za ka ga ginshiƙin zangon yamma ya tsiro a tsakiyar ɗaki a zanen zangon shiri.

ArchiCAD ta bi wata hanya. Tun fitowarta ta 15 a 2011 take da kayan aikin gyara, inda kowane abu ke ɗauke da hali ɗaya cikin uku a jikinsa: yana nan, za a rushe, ko sabo. Ga gyaran gida na zango ɗaya wannan ya fi na Revit saurin shiga kai, kuma ya isa. Amma hali uku "kafin" da "bayan" kaɗai suke iya faɗi. Ɗakin falankin nan namu, wanda sabo ne yau, tsoho gobe, rusasshe jibi, ba shi da mazauni a ciki. Masu ArchiCAD sukan fita ta ɗaya daga hanyoyi biyu: ko dai in an gama zango a ajiye kwafi, a share rusassu, a mayar da sababbi tsofaffi, a fara na gaba, ko kuma su ƙirƙiro wa kowane abu gurbi biyu na kansu, su kafa dokokin launi a kai, wato su gina dabarar Revit da hannu. Ta farkon tana da kyau idan da gaske sai an gama zango ake zana na gaba. Idan kuwa duka za a zana tare don neman izini da fitar da kwangila, ta dawo da mutum ga matsalar fayiloli barkatai. Tsarin IFC da ake musayar samfuri da shi tsakanin manhajoji shi ma hali guda yake rubuta wa abu, sabo, tsoho, na rushewa ko na wucin gadi, don haka mai aika samfurin zango da yawa gara ya fitar da fayil ga kowane zango.

Wanda ke son ganin aiki mako-mako, yaushe motar ɗaga kaya za ta shigo, yaushe za a kwance ƙarafan hawa, ba a Revit zai yi ba. Akwai Navisworks da Synchro, masu ɗaura samfurin a kan jadawalin ranakun ɗan kwangila daga Primavera ko Microsoft Project.

Duk wannan tsari a kan zango na farko yake zaune, wato ginin yadda aka same shi, kuma shi ne wanda ba a taɓa sani duka ba. Tsofaffin gine-gine da yawa zanensu na asali ya ɓace, ko yana nan amma an yi ta ƙari da toshiya shekara da shekaru ba wanda ya rubuta. Na'urar auna gini da hasken leza ta rage wannan duhu ƙwarai. Lokacin da majami'ar Notre-Dame ta Faris ta ƙone a ranar 15 ga Afrilu 2019, awon da marigayi Andrew Tallon, malamin tarihin gine-gine, ya yi mata da leza shekaru kafin gobarar, mai ɗigo sama da biliyan ɗaya, ya zama shaidar yadda ginin yake. An sake buɗe ta a Disamba 2024. Sai dai leza fatar gini take gani. Hasumiyar Elizabeth ta majalisar dokokin Birtaniya, wadda aka fi sani da Big Ben, an fara gyaranta a 2017 bayan ƙiyasin farko na fam miliyan 29, aka ɗaga shi zuwa 61, a 2020 ya kai kusan 80. Cikin dalilan da aka bayar har da asbestos da aka tarar, wato wani tsohon kayan gini mai cutar da huhu, da fenti mai dalma, da ɓarnar bam ta Yaƙin Duniya na Biyu da ba a san girmanta ba sai da aka hau aka buɗe.

Saboda haka ofisoshin da suka san aikin sukan yi wa abubuwan zangon farko wata alama: wannan an auna, wannan daga tsohon zane aka ɗauko, wannan zato ne. Idan aka fasa silin a gabas aka ga bututun da ba a san da shi ba ya nufi yamma, a ranar ake shigar da shi samfuri a matsayin na asali, kafin a buga zanen yamma. Abin da aka gina a zangon gabas ma sai an koma an auna shi yadda magini ya yi shi, domin a shafin zango na gaba Revit za ta nuna shi a matsayin tsoho, a daidai inda aka zana shi, ko da birkila ya gusar da shi taku guda.